Mutuwar Baba Tsintsiya

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga ka, har sunayen wasu jikokina sai an tuna mini, amma bai iya kwashe ranar Asabar ɗin da Baba Tsintsiya ya kwanta asibiti ba. Ku da kuke aikin talabijin yanzu, kuna danna madanni komai ya gyaru, ku zauna ku ji yadda muka yi namu.

A ƙarshen shekarun tamanin ne, zamanin soja. Ina masinja a wani gidan talabijin a nan Kaduna, mataki na biyu, wato daga ni sai mai shara. Boko aji uku na yi, shi ma na ukun rabinsa a bayan taga na yi shi, don malamin ya fi son ganina daga waje. Aikina ɗaukar fayil daga wannan ofis zuwa wancan, sayo wa manya abinci, da ɗauko kaset daga sito. Kaset ɗin lokacin ba irin wanda kuka sani ba ne, in ka ɗauki biyu sai ka ji a kafaɗa. Gidana yana Unguwar Shanu, ɗaki ciki da falo, ni da matata Asabe da yara.

Wani kamfanin Italiyawa masu aikin hanya ne ya yi wa gidanmu kyautar wani shirin wasan kwaikwayo na ƙasarsu. Labarin wasu 'yan makarantar sakandare ne, maza da mata a aji ɗaya, waɗanda ba su da aiki sai shegantaka. Yau sun sa kaza a aljihun teburin malama, gobe sun rubuta amsar jarrabawa a cinyar junansu gumi ya goge, jibi sun ari besfar shugaban makaranta, babur ɗinsa, sun faɗa da ita cikin kududdufin tsakar gari. Ranar da na fara kallo, haushi ne ya fara kama ni kafin dariya. Kowane yaro da teburinsa da kujerarsa, littafi har jifan juna suke yi da shi. Mu da muka yi karatu mutum huɗu a benci ɗaya, na gefe rabin ɗuwawunsa a iska! Na ce a raina, da ni aka ba wannan ajin da yanzu ni ne manaja. Ƙarya nake yi, da ni ne zan kawo kazar.

Matsalar ita ce duk gidan babu mai jin Italiyanci. An taɓa ɗauko wani Bahaushe da yake yi wa Turawan kamfanin girki, aka zaunar da shi gaban akwatin talabijin. Ya saurara da kyau, ya ce shi dai ya ji an ambaci tumatir. Aka yi masa godiya.

Sai furodusanmu, Oga Bashir, ya kawo dabara. Furodusa shi ne mai shirin, shi ake yabo in ya yi kyau, mu ake zagi in ya lalace. Ya ce a kashe muryar Turawan ɗungurungum, mu sa musu Hausa a baki. Ga yadda tsarin yake. Kaset yana zuwa daga Legas ɗaya-ɗaya a motar kamfanin, kowane mako ɗaya, ba wanda ya san abin da ke cikin na gaba. Ranar Juma'a bayan masallaci mu kalle shi sau ɗaya, Oga ya dubi fuskoki da hannuwa ya yanke abin da yake ganin ana cewa. Ranar Asabar ƙarfe biyar na yamma a sa shi, mu kuma muna cikin wani ɗan ɗaki da muke kira akurki, da ƙaramar talabijin a gabanmu da makirufo guda ɗaya tal. Jar fitila ta kama, duk abin da ya fito daga bakinka ya shiga gidajen Kaduna. Ba a naɗa a ajiye, don sabon kaset tsada gare shi, wanda ake da shi kuwa na rangadin Gwamna ne.

Yaran ma mu muka raɗa musu suna. Akwai Na-Gayu, dogo mai gashi luf-luf wanda duk 'yan matan ajin ke mutuwa a kansa. Akwai Tulu, wanda ba a taɓa nuna shi hannunsa babu abinci ba. Akwai Malama Tabarau. Muryoyin mata duka Anti Saratu ce take yi, mai gabatar da shirin mata, mace mai kirki wadda ba ruwanta. Muryoyin maza kuwa duka an ba Ishaya.

Ishaya yaro ne daga kudancin Kaduna, na girme shi nesa ba kusa ba. Mai karanta sanarwa ne, mataki na bakwai. Kullum rigarsa a goge, takalmi kana ganin fuskarka a ciki, ga turare kamar an fasa shago. Hausarsa kuwa, to, zan faɗi gaskiya ko da ɗaci, kamar ana zuba zuma a kunne. Ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, kowa ya gani sai ya rusuna. Irin mutanen nan ne da za ka wuni kana neman laifinsu ka koma gida da ciwon kai.

Ni kuma me aka ba ni? Ai da aka kashe muryar Turawa, komai ya mutu tare da ita. A rufe ƙofa ba ƙara, a mari mutum shiru. Sai Oga ya tuna akwai wani masinja da yake kwaikwayon kukan akuya a kantin ma'aikata. Aka sa ni a kusurwar akurki da kayan aikina: murfin tsohuwar kabad, ƙararrawar keke, silifa biyu na mari, bokitin ruwa, da tsintsiyar kwakwa. Besfa da baki nake yin ta. Daga nan aka fara kirana Sale Ƙofa.

Shirin ya karɓu fiye da zaton kowa. Ranar Asabar da yamma, gidan da ke da akwati a Unguwar Shanu sai ya cika har taga. Kuma duk sunan Ishaya ake kira. Wata rana aka aike mu Babbar Kasuwa ni da shi sayo igiyar lantarki. Bai yi komai ba, tambayar kuɗin kaya kawai ya yi, mai shagon ya daka tsalle.

"Wallahi Na-Gayu ne! Kai Audu, kawo kujera, kawo lemo!"

Aka kewaye shi. Ni ina tsaye da igiya a kafaɗa. Mai shagon ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wannan yaronka ne?"

Ishaya ya ce, "A'a, ai Malam Sale ne, babban yayanmu, tare muke shirin."

"Shi wane ne a ciki?"

Na ce, "Duk marin da aka yi wa Tulu, ni ne."

Suka dube ni, suka koma kan Ishaya.

A gida ma ban tsira ba. Na dawo na tarar Asabe ta dawo daga kallo a maƙwabta tana ta murmushi ita kaɗai.

"Baban Hadiza, wannan Ishayan naku Allah ya yi masa baki. Da yake lallashin yarinyar nan har sai da tsigar jikina ta tashi."

"Kin ji lokacin da ta fita ta buga ƙofa?"

"Wace ƙofa?"

Ranar tuwon ma ban ji daɗinsa ba.

To a makarantar Turawan nan akwai wani tsoho mai shara, da doguwar riga ruwan ƙasa da tarin makullai a ƙugu. Shi ma masinja ne irina, in an duba. Wucewa kawai yake yi a baranda, in bakinsa ya motsa Ishaya ya yi masa ɗan tari a wuce wurin. Ko suna ba shi da shi. Wata Asabar aka nuna shi da Na-Gayu suna magana a lokaci ɗaya, kowa na ɗaga hannu. Ishaya komai iyawarsa baki ɗaya gare shi. Na ga bakin tsoho yana ta buɗewa a banza, ban san sa'ad da na ajiye murfin kabad na cusa kaina ta ƙarƙashin hammatar Ishaya ba.

"Kai ɗan gayu, man da kake shafa wa gashin nan da a cikin kan ka zuba shi da ya fi maka. Matsa in share!"

Ta cikin gilashin akurki na hango injiniyanmu mai kula da sauti ya kifa kai a tebur, kafaɗarsa na rawa.

Ranar Litinin Oga Bashir ya kira ni ofis. Na shiga ina karanto duk addu'ar da na sani.

"Sale, wa ya ba ka izinin magana?"

"Ranka ya daɗe, bakin ne na ga ba kowa a ciki."

Ashe yaransa tun ranar Asabar suke bin juna da tsintsiya suna "matsa in share". Ya ce daga yau tsohon nawa ne, sunansa Baba Tsintsiya, amma da sharaɗi. "Bakinsa ya buɗe, ka yi magana. Bakinsa ya rufe, ka rufe naka."

Na ce na ji. Amma Oga bai lura da abin da na lura da shi ba. Mai shara yawanci baya yake juya wa kyamara. Mutumin da ya juya baya kuwa, wa ya san bakinsa a buɗe yake ko a rufe? Da zarar na hango rigar nan ruwan ƙasa, ko daga can ƙarshen baranda, sai in fara. Kuma duk maganata kan Na-Gayu take sauka. In ce turarensa ya kashe ƙudajen makaranta. In ce takalmin aro ne. In ce riga ɗaya gare shi, wankewa yake yi ya tsaya a gindinta ta bushe. Mutanen gari suna ganin da yaron Bature nake. Ishaya, da yake tsaye kafaɗarsa na gugar tawa, ya san da wanda nake.

Nan fa duniya ta fara yi mini daɗi. Asabe ta gane muryar tun ranar farko, ta ce wannan baƙar maganar ko a cikin rijiya ta ji ta ta san mai ita. Ta shiga gaya wa matan layi. Mai shayin bakin titi ya fara ƙara mini madara ba tare da na roƙa ba. Yara suna bin kekena. Ban kamo Ishaya ba, amma na fara hango ƙeyarsa.

Sai na zarce. Wata Asabar Baba Tsintsiya ya ce wa Na-Gayu, "Yarinyar Hayin Bankin da kake wa sintiri, ubanta ya ce sai ka sayi gado." Babu Hayin Banki a Italiya. Akwai dai wata malamar asibiti a can da Ishaya yake nema, kuma maganar gadon gaskiya ce. Ishaya ya gama shirin, ya ɗauki jakarsa ya fita. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice.

Oga ya sake kirana, wannan karon bai ce in zauna ba.

"Sale, akurkin nan ba zauren gidanku ba ne. Ka ƙara fita daga abin da ke cikin hoto sau ɗaya, na karɓe tsohon, ka koma kan ƙofarka. Ka ji ni?"

"Na ji, ranka ya daɗe."

Na kama kaina sosai. Tsohon nan shi ne abu na farko da aka taɓa cewa nawa ne a gidan, ban shirya rabuwa da shi ba.

Ana nan sai makon da motar kamfanin ta lalace a hanya. Juma'a ta wuce babu kaset. Ranar Asabar sai da aka yi la'asar ya iso, ni na karɓe shi a bakin ƙofa na ruga da shi. Babu lokacin kallo. Oga ya leƙo akurki yana share gumi ya ce, "Ku bi baki, ku bi fuska, Allah ya ba da sa'a." Jar fitila ta kama.

Da farko komai lafiya. Yaran suka zuba ruwan sabulu a baranda don Malama Tabarau ta zame. Suka ɓuya a bayan ƙofa. Maimakon malama, sai ga tsohona da bokiti. Ya tashi sama, ƙafafu a iska, ya dawo ƙasa. Ni na yi masa ihun, ni na buga murfin kabad, ni na kaɗa makullai, duka a numfashi ɗaya. Aka zo da motar asibiti aka ɗauke shi.

Sai ga ɗakin asibiti. Tsoho a kwance cikin farin bargo, fuska ta yi fari fat. Yaran suka shigo sumui-sumui da ledar lemo. Na-Gayu ya durƙusa a gefen gado ya kama hannunsa.

Nan Ishaya ya buɗe baki, jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba.

"Baba, ni ne. Ni na kawo sabulun. Kullum kana yi mini faɗa ina ganin ƙi na kake yi, ashe duk makarantar nan kai kaɗai ne kake gaya mini gaskiya. Baba, dube ni."

Muryarsa na rawa, tana karyewa daidai inda ya kamata. Na waiga na ga Anti Saratu tana goge ido da bakin gyale. Injiniya ya saki baki. Oga Bashir da kansa ya dafe ƙirji. Sai kishi ya taso mini. Tsohona ne ya faɗi, tsohona ne a kwance, ƙashin tsohona ne ya karye, amma Ishaya za a yi wa kuka? Na hango Asabe a gidan maƙwabta tsigar jikinta tana tashi.

Bakin tsoho ya fara motsi a hankali. Na ture Ishaya da gwiwar hannu na matso.

"Yaro... matso kusa... idona ba ya gani sosai."

Ishaya ya ɗan kalle ni. Ya ce, "Ga ni, Baba. Za ka warke."

"A'a, yaro. Wanda ya share baranda shekara da shekaru ya san ranar da za a share shi. Duk abin da na faɗa maka, ka yafe mini. Ba ni da ɗa, ba ni da jika. Ku nake gani in ji daɗi. Kuna da tebur, kuna da littafi... ni ban samu ba. Ku yi karatu."

Wannan ta ƙarshen ban san daga inda ta fito ba. Anti Saratu ta fara shessheƙa a fili. Na ce a raina, yawwa, yanzu aka zo wurin.

Ishaya bai ja da baya ba. Ya ƙara wuta. "Baba, in ka tashi ni zan riƙa yi maka sharar. Wallahi ni zan ɗauki bokitin!"

Na ga zai sake ƙwace fagen. Daidai nan tsohon ya lumshe ido, kansa ya karkata gefe a kan matashi. Ni kuwa na ga abin da Ishaya ba zai iya ɗorawa a kai ba.

"Tsintsiyata... tana bayan ƙofa... ku ba ta... mai amana."

Na ja wani dogon numfashi mai gurnani, na sake shi a hankali a cikin makirufo, na yi tsit.

Ishaya ya zaro ido yana tambayata da hannu, me ka yi? A hoto sai ga nas ta shigo, ta ja bargo har wuyan tsoho, ta kashe fitilar gefen gado, ta ɗora yatsa a leɓe tana nuna wa yaran ƙofa. Anti Saratu ba ta da zaɓi. Cikin kuka ta ce, "Sai haƙuri, yara. Baba ya cika."

Injiniya ya lalubo wani kiɗan sarewa mai ban tausayi ya sa. Abin da ya rage a kaset ɗin shi ne Tulu, wanda ya dawo da sanɗa ya zauna a gefen gadon yana ɓare lemon da suka kawo yana sha, har yana ɗaga wa tsohon gira. Ishaya ya rasa abin da zai sa masa a baki, sai ya riƙa yin kuka yana tsotsa. Aka rufe shiri.

Abin da ya biyo baya ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin in kai gida mata sun cika tsakar gidanmu suna yi wa Asabe sannu. Mai shayi ya rungume ni. Ranar Litinin mutane suka zo bakin ƙofar gidan talabijin, wasu ta'aziyya, wasu neman a hukunta Tulu, yaron da zai sha lemon mamaci gawa ba ta huce ba. Wata tsohuwa a Hayin Banki ta soya ƙosai ta raba wa yara sadaka ranar kwana uku. Shugaban gidan talabijin ɗinmu ya tsayar da Oga Bashir a gaban baƙi ya yaba masa, ya ce mahaifiyarsa ta ƙi cin abinci. Oga ya kira ni ya ba ni hannu, karo na farko tun da na fara aiki.

Aka sake aiken mu Babbar Kasuwa. Mai shagon nan ya ture Ishaya gefe ya kawo mini kujerar. Na zauna na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, na sha lemona a hankali, Ishaya yana tsaye da kaya. Da za a ce in zaɓi rana ɗaya a duk aikina a maimaita mini, ita zan zaɓa.

Ina kan keke a hanyar komawa ne lissafi ya fara zo mini, cewa mamaci ba ya magana ranar Asabar. Amma na kwantar da hankalina. Ai ban fita daga hoto ba, Turawan ne suka kashe abinsu, ni rakiya na yi masa. Mutumin da ya sa Kaduna kuka kuwa ba za a bar shi da murfin kabad ba. Har na fara gwada muryar shugaban makaranta a bayan gida.

Ranar Juma'a sabon kaset ya iso a kan lokaci. Muka zauna kallo, ni a gaba. Aka nuna ƙofar makaranta, aka nuna baranda. Sai ga riga ruwan ƙasa. Sai ga makullai. Baba Tsintsiya ne, ƙafa ɗaya a naɗe da farin filasta, sanda a hammata, yana shara yana zazzaga wa yara masifa, lafiyarsa ƙalau har ya yi ƙiba.

Barci ya yi. Allurar barci aka yi masa.

Can injiniya ya ce, a hankali, shi fa ranar ya ji kiɗan annashuwa da dariya a abin kunnensa, amma ya ɗauka haka suke zaman makoki a ƙasarsu.

Oga Bashir ya kashe akwatin ya juyo. "Sale."

"Ranka ya daɗe, doguwar suma ce. A ce doguwar suma ya yi. Ana yi."

"Bayan an yi masa sadakar uku? In je in gaya wa shugaba mahaifiyarsa ta yi azumin banza?"

"To a yanke wurin da yake."

"Kaset ɗin mutane? Kuma kana gani rabin shirin shi ne."

Gaskiya ne, makon nan tsohon ya fi kowa fitowa, don yaran sai hidima suke yi masa. Irin makon da na daɗe ina roƙon Allah ya kawo.

Sai Ishaya ya yi gyaran murya. Yana zaune da hannuwa a kan gwiwa.

"Oga, in an yarda in ce wani abu. Me zai hana a ce tagwaye ne? Hasan ya rasu, wannan Husaini ne, ya zo daga ƙauye karɓar gaisuwa, makaranta ta ba shi aikin ɗan'uwansa. Ai marigayin da bakinsa ya ce a ba mai amana tsintsiyar."

"Ƙafar fa?"

"Daga mota ya faɗo a hanyar zuwa. Gaggawa."

Fuskar Oga ta washe. Ni ma na washe tawa, na ce, "Shi ke nan! Tagwaye ai murya ɗaya gare su."

Oga ya girgiza kai. "Mutanen da suka yi kuka su sake jin muryar nan? Cewa za su yi fatalwa ce, ko su gane mun yi musu wasa da hankali. Dole a canza. Ishaya, za ka iya muryar tsoho?"

Ishaya ya sunkuyar da kai kamar an ɗora masa nauyi. "Zan gwada, Oga. In Malam Sale ba zai ji komai ba."

In ji me? Aka tashi taro.

Haka Husaini ya shigo makaranta, mutanen gari suka karɓe shi hannu biyu, har ana cewa kamar an tsaga kara. Sai dai shi Husaini ba halinsu ɗaya da marigayi ba. Mutum ne mai sanyin hali, mai yawan sa albarka. Kuma duk albarkar kan Na-Gayu take sauka. Kowace Asabar ina kusurwa ina jin Ishaya ya sauke murya ya ce, "Yaron nan akwai tsafta, dubi takalminsa, Allah ya ba ka mace tagari," sannan ya ɗaga murya ya amsa wa kansa, "Amin, Baba, na gode." Ni kuma ina ƙwanƙwasa katako a ƙasa, don sandar gurgu ma tana bukatar ƙara. Haka muka yi har kamfanin ya gama hanyarsa kaset ya daina zuwa. Ishaya ya auri malamar asibitin, har da gadon. Na je bikin, shinkafar ta yi gishiri.

Abin da na koya a wannan aiki, ku riƙe shi. Hoto shi ne ubangida, kai baƙo ne a bakin wani, kada ka yanke wa mutum hukuncin da sai mako mai zuwa za ka san gaskiyarsa. Mutanenmu kuma in sun ba ka hawayensu sun ba ka ke nan, ba a zuwa a ce musu kuskure ne su mayar. Sannan abokin aikin da kake tsokana yana shiru yana murmushi, kada ka ɗauka ba shi da amsa. Ranar taro yake jira.

Har gobe ina nan a kan bakana cewa na fi shi iya muryar tsoho, ga shi yanzu da na tsufa ko ƙoƙari ba na yi. Mukan haɗu da shi a wurin tantance 'yan fansho, kansa ya yi fari amma rigar tana nan a goge. Duk cikar layin sai ya ratso ya zo inda nake, ya rusuna, ya kama hannuna da hannu biyu a gaban mutane, ya karyar da muryar nan tasa ya ce, "Malam Sale, ya ƙarin haƙuri?"

Mutanen da ke kusa su juyo da tausayi suna tambaya wa ya rasu. Ni kuma dole in ce, "Da godiya."